Yauƙin Da Ba Ƙazanta Ba Ne: Zancen Ruwan Kifi A Gidan Uwargida



Duk wadda ta san Wudil ta san mu da abu biyu, kasuwar shanu ta ranar Juma'a da kuma kifi. Matafiyin da ya fito daga Kano zai nufi Dutse ko Maiduguri, da ya hau gada ya san ya iso, domin ga kogi shimfiɗe, ga masunta, ga masu tallan kifi soyayye da banda. Sai dai a 'yan shekarun nan kifin ya taso daga kogi ya shigo tsakar gida. Mata da dama sun kwashi adashi sun sayi tankin roba ko tamfol, sun zuba 'ya'yan tarwaɗa, suna kiwo kamar yadda iyayenmu suka yi kiwon kaji da awaki. Ni ma ina cikinsu, kuma abin da nake son mu tattauna a wannan wata shi ne abin da ya fi kashe wa mata jari a wannan sana'a, wato ruwa.

Za ki ji mace ta ce kifinta ya daina cin abinci, yana taruwa a saman ruwa yana rataye kamar an shanya shi, bayan kwana biyu ta fara tsintar matattu. Wata ta ce baki ne, wata ta ce an sayar mata da mugun iri. Wata maƙwabciyata kuwa da ta zuba kuɗin gadonta kacokan, cikin mako guda ta rasa fiye da rabin kifinta, har ta fara zargin kishiyarta. Da muka leƙa tankin, tun kafin mu ƙarasa hanci ya ba mu labari. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ke faruwa shi ne, kifi yana ci yana kuma fitar da abin da ya ci a cikin ruwan da yake numfashi. Kashinsa muna gani, yana kwanciya a ƙasa. Amma akwai wanda ba a gani, wani sinadari da ake kira amoniya, wanda shi ne ke ba wa makewayin da ba a wanke ba zarnin nan mai shiga ido. Kifi yana fitar da mafi yawansa ta jajayen nan da ke ƙarƙashin kunnensa. Masana sun ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya na abincin kanti da kifi ya ci, kimanin giram 30 na wannan guba zai shiga ruwa. Ki ce giram 30 ai ba komai ba ne, to ɗan ƙanƙanin abu daga cikinsa ya isa ya ƙone wa kifi wurin numfashi. Ruwan kuma yana iya zama garau a ido alhali ya cika da shi. Tarwaɗa tana da juriya fiye da ƙarfasa saboda Allah ya hore mata wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa ba ta mutu ba. Amma juriyar tana ruɗar mu: kifin yana raye, yana cin abinci mai tsada, ba ya girma. Wata shida ki ɗora a sikeli ki ga abin tausayi.

Hanyar da kowa ya sani ita ce canza ruwa, a zubar a zuba sabo kullum ko bayan kwana biyu. Ga mai rijiyar burtsatse da wutar sola a gida wannan ba wata matsala ba ce. Amma yawancinmu daga 'yan garuwa muke saye, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin jarka bai koma yadda yake ba. Ki lissafa jarka 40 ke cika tanki mai lita 1000. Sannan ina ruwan da aka zubar yake zuwa? Kwata, ta bi ta ƙofar maƙwabta da ƙarninta da saurayenta. Na san gidan da maigida ya hana kiwon baki ɗaya saboda ƙorafin da aka kai masa a masallaci, kuma ban ga laifinsa ba, haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne.

To me ya sa kogin Wudil, da duk kifin da ke cikinsa, ba wanda yake canza masa ruwa? Gaskiya ne yana gudu, ruwan Tiga da na Challawa suna haɗuwa su wuce mu zuwa Haɗejiya. Amma akwai wani sirrin. Idan kika ɗauko dutse daga cikin kogi za ki ji yana santsi, da wani yauƙi a jikinsa. A cikin wannan yauƙi akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda abincinsu shi ne gubar nan. Kashi na farko suna cin amoniya su mayar da ita wani sinadari mai suna naitirayit, wanda shi ma guba ne, yana hana jinin kifi ɗaukar iska har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kashi na biyu sai su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda ba ya cutar da kifi sai ya taru da yawa, kuma shi taki ne ga shuka. Wani masani mai suna Sergei Winogradsky ya gano waɗannan ƙwayoyi tun 1890. Aikinki ke mai kiwo shi ne ki gina musu gida kusa da tankinki, ki riƙa bi da ruwan ta cikin gidan nasu ya dawo. Wannan gida shi ake kira matata, kuma duk zancen ya tsaya ne a kan abin da za ki zuba a cikinta.

Waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni su ne masu kiwon wani kifin ado da ake kira koyi. Asalinsa daga yankin Nigata ne na ƙasar Japan, inda manoman shinkafa suke ajiye shi don ci, sai suka lura wasu suna fitowa da ja da fari, suka yi ta zaɓe har ya zama abin ƙawa. A 2018 an sayar da ƙwaya ɗaya a kan sama da yen miliyan 200. Wanda ya sa irin wannan dukiya a ruwa ai ba zai yi wasa da matata ba. Suna da tabarmi ta musamman ta zaren roba, suna da 'yan duwatsu na gasasshen yumɓu masu huji-huji, suna kuma da wasu 'yan robobi masu kama da taliyar makaroni da aka yayyanka, waɗanda aka ƙirƙiro a ƙasar Norway a ƙarshen shekarun 1980 don tace ruwan ƙazantar birane. Yanzu har a wayoyinmu ana tallan waɗannan robobi. Ba na cewa ba su aiki, suna yi ƙwarai. Amma ƙa'idarsu sai an riƙa hura musu iska dare da rana suna jujjuyawa cikin ruwa. Mu da wuta take zuwa ta tafi ba sallama, idan injin ya tsaya tsawon wuni sai iskar ruwan ta ƙare ƙwayoyin su fara mutuwa. A ganina, matar Wudil da ta sayi wannan ta sayi doki ba ta da ciyawa.

Abin da ake nema a jikin kayan matata bai wuce ya zama yana da faɗin jiki da lunguna masu yawa ba, domin ƙwayoyin nan a bango suke maƙalewa, ba sa yawo cikin ruwa. Ki ɗauke shi kamar gidan haya, yawan ɗakuna yawan 'yan haya. Amma kuma dole ruwa da iska su sami hanyar ratsawa, in ba haka ba ɗakunan sun zama kurkuku. A nan yashi yake faɗuwa. Lungunansa sun fi na kowa yawa, amma kashin tarwaɗa yana toshe shi cikin 'yan kwanaki, ƙasansa ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wannan warin shi kansa guba ne. Tsakuwa ta fi shi, ita ce ma aka daɗe ana amfani da ita, sai dai nauyi. Ranar da za ki ɗauraye duro guda na tsakuwa za ki san kina da ƙugu.

Ni abin da na fi yarda da shi, kuma shi ne a gidana, tsingaro ne. E, fasasshiyar tukunya da randa da tulu, waɗanda muke zubarwa a juji. Ki tuna dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: jikinta yana da 'yan ƙofofi ƙanana da ruwa yake tsattsafowa ta cikinsu. Waɗannan ƙofofi da kaushin jikin su ne ɗakunan da muke nema, kuma da wannan dabarar aka yi duwatsun da masu koyi suke saye da tsada. Ki sa yara su farfasa shi kamar girman ƙwai ko ɗan ƙasa da haka, a wanke ƙurar sosai, a jiƙa shi kwana biyu. Fasasshen jan bulo gasasshe ma yana yi. Amma ki tabbata tukunyar ba wadda aka yi rini ko aka dafa sabulu a ciki ba ce, ba kuma mai fenti ba.

Na biyunsa shi ne tsohon taru. Masuntanmu suna jefar da ragar da ta yayyage, wata ma a bakin kogi take ruɓewa tana kama ƙafar yara. Idan aka wanke ta aka cire darmar da ke jikinta aka dunƙule sako-sako, zarenta gida ne mai kyau, ga rashin nauyi, ɗaga ta da hannu ɗaya kike yi. Haka soson wanka na raga, da marafan robar lemo da na ruwa, waɗanda yara za su tara miki buhu guda bayan biki ɗaya. Marafan ba su kai tsingaro yawan lungu ba, amma ba sa toshewa ko kaɗan, don haka nakan sa su a sama inda datti ya fi sauka.

A nan akwai gargaɗin da nake roƙon ki isar wa duk wadda kika sani tana kiwo. Kada ki kuskura ki sa gidan sauro a matata, ko ki tace ruwan kifi da shi. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti da unguwanni an haɗa shi da maganin kashe sauro, kuma irin wannan magani yana kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne ya narke. Da yake raga ce mai laushi kuma kowane gida akwai tsohuwa, ita ce hannu yake fara kaiwa gare ta. Haka nan duro ko jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi, ko buhun taki. Soson ƙarfe tsatsa yake yi. Soson gargajiya da buhun algarara ruɓewa suke su ƙara wa ruwa datti. Soson katifa kuwa shan datti yake ya cushe, ba ki kuma san abin da aka haɗa shi da shi ba. Sabon bulon siminti yana sa ruwa ya yi kaifi irin na kanwa, kuma a irin wannan ruwan amoniya ta fi dafi. Saboda wannan dalilin ne ma ba na goyon bayan masu jefa kanwa ko toka a tanki wai don a kashe ƙarni.

Gawayi fa? Ana yawan tambayata. Yana rage wari da launi na ɗan lokaci, daga nan ya cika ya zama kamar kowane dutse, sai dai yana marmashewa. In kina da shi ki sa, in babu kada ki saya.

Yadda na tsara nawa ba wani abin mamaki ba ne. Tankina mai lita 1000 ne, ba na kuma wuce tarwaɗa 60 a ciki, duk da masu sayar da iri za su ce miki ya ɗauki ninkin haka. Ruwa yana fita ta ƙasa ya shiga wani duro, inda yake lafawa dattin ya kwanta kamar yadda gasara take kwanciya a ƙasan roba. Wannan duron shi nake buɗe wa ƙasa kowace safiya. Kada ki tsallake wannan mataki, domin idan kashin kifi ya isa kan tsingaro kai tsaye zai lulluɓe ƙwayoyin ya shaƙe su. Daga saman duron ɗan ƙaramin inji mai aiki da sola yake ɗaga ruwan zuwa kan kwandunan roba huɗu da na jera ɗaya bisa ɗaya, irin na wanke-wanke. Na sama marafai da soso, na biyu taru, biyun ƙasa tsingaro. Ruwan yana zuba a faranti mai huji ya yayyafu kamar ruwan sama, ya ratsa su ya koma tanki. Abin so shi ne ruwan tankin duka ya zagaya sau ɗaya cikin awa ɗaya ko biyu.

Dalilin da ya sa na zaɓi kwando a kan in nutsar da kayan cikin duro shi ne wuta. Kayan da ke cikin kwando a jiƙe suke amma iska tana ratsa su, don haka ko inji ya tsaya ƙwayoyin suna numfashi, abin da suke tsoro kawai bushewa. Idan hadari ya rufe rana ko batir ya yi sanyi, sai in sa yara su riƙa kwara bokiti biyu-uku a kai lokaci-lokaci. Na kuma kewaye kwandunan da tsohuwar tabarma saboda rana da iskar hunturu.

Yanzu ga inda abin ya fi yi wa mace wuya. An raine mu a kan cewa duk abin da ya yi yauƙi ƙazanta ne, a sa omo da soso a dirje shi har ya yi ƙara. Bayan 'yan makonni tsingaron nan zai yi launin ƙasa-ƙasa, ya yi santsi, hannunki zai riƙa ƙaiƙayin wanke shi. Uwargida ki daure. Wannan yauƙi shi ne ma'aikatanki, shi kika yi wata guda kina jira. Surukata da ta zo mana kwana biyu, da ƙyar na tare ta, ta riga ta ɗebo ruwan zafi tana faɗin ba ta taɓa ganin ƙazamar matata irin wannan ba. Idan kin ga ruwa ya fara taruwa ba ya wucewa, ki ɗebi ruwan tankin a baho ki ɗan girgiza kayan a ciki, dattin ya fita yauƙin ya zauna. Kwando ɗaya a mako, kada ki taɓa su duka rana ɗaya. Ba sabulu, ba shanya a rana, ba ruwan famfo na gwamnati, domin kulorin da ake sa masa don ya kashe mana cuta bai san ƙwaya mai amfani da marar amfani ba. In da shi za ki ƙara wa tanki, ki tara shi a buɗe ya kwana ya wuni tukuna. Haka kuma kafson da wasu suke farkewa su zuba a ruwa da zarar kifi ya yi sanyi, yana iya share matatar gaba ɗaya.

Sai haƙuri. Ƙwayoyin nan ba sa saurin yaɗuwa, sabuwar matata tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta kama aiki, a lokacin sanyi ma fiye. A wannan tsakanin ne mata da yawa suke fid da rai su ce abin ƙarya ne. Ki fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, ki ci gaba da canza ruwa kamar da, kina ragewa sannu a hankali. Wajen mako na biyu zuwa na huɗu guba ta biyun nan takan yi yawa, to rabin kilo na gishiri a lita 1000 yana kare kifi daga gare ta. Ko bayan ta kama, ba a daina canji ɗungurungum. Ni nakan rage kamar kashi ɗaya cikin biyar a mako, ban da ɗan abin da nake saki da safe. Ki kwatanta da mai zubar da tanki guda bayan kwana biyu. Wanda na rage ɗin ma ba ya zuwa kwata, yana zuwa gindin zogale da alayyafo da yakuwa, in dai ba makon da na sa gishiri ba ne, kuma rabon da in sayi ganyen miya na manta.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Janairu kifi yana rage ci, ƙwayoyin ma suna yin sanyi, sai ki rage hannu, domin abincin da ba a ci ba ya fi kashin kifi ɓata ruwa. A watan Afrilu kuwa, lokacin da ko mutum yake neman inuwa, ruwa ba ya riƙe iska sosai kuma dafin amoniya yana ƙaruwa, a nan ne bai kamata inji ya huta ba. Da daɗewa kuma aikin ƙwayoyin yana sa ruwa ya yi tsami, wanda yake rage musu ƙarfi su kansu. Maganinsa ɓawon ƙwai da aka wanke aka ɗan daka, a ƙulle a soson raga a ajiye a kwandon ƙasa, yana narkewa a hankali gwargwadon buƙata. Idan da hali, ana samun 'yan kwalaben gwajin ruwa a wajen masu sayar da kayan kiwon kifi a Kano, ɗigo kaɗan launi ya nuna miki. Maigida kuma yana iya neman shawarar malaman gona na KNARDA, ko na tsangayar aikin gona ta jami'ar da ke garin nan, wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote.

Kafin in manta, duk mai yaro mai rarrafe ko mai tatata ta rufe tanki da duro da murfi mai nauyi ko waya. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa, Allah ya kiyaye mana zuri'a. Wayar injin ma a ɗaga ta sama inda hannu ba ya kaiwa.

Idan kin kwashe kifi kin sayar, kada ki bar kwandunan su bushe kafin sabon zubi. Ki bar ko ƙwaya biyar a tankin suna ci gaba da ciyar da ƙwayoyin, sai sababbin 'ya'ya su tarar da gida a gyare. Idan kuma wata 'yar'uwa za ta fara, ki ɗebar mata tsingaro cikin kwano daga naki, a jiƙe, a rufe da ganye ko leda mai huji, ta kai ta cakuɗa da sabon nata a ranar. Kamar dai yadda ake ɗiga tsohon nono a madara ta kwana ta zama kindirmo, haka wannan yake rage mata makonnin jira. Sharaɗin kawai shi ne kifinki ya kasance lafiyayye, kada ki haɗa mata da cuta. Nawa ma daga wajen wata dattijuwa a unguwarmu na samo shi, a cikin tsohon kwanon sha, kuma zuwa yanzu gida huɗu sun ɗiba daga gare ni.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.